Raka'ar da Ban Gama Ba

Bron, 9 ga Nuwamba 1984

Zuwa ga matata Rékia,

Gaisuwa mai yawa. Ina gajiyar hanya, ya sanyin Paris? Ki gaida Yaya Muntaka da iyalinsa, Allah ya saka masa da ya sauke ki gidansa.

Na san na ce ran Asabar zan zo in ɗauko ki. Ki ƙara mini mako biyu. Kundin digirina ya riƙe ni. Kin sha tambayata me nake karantawa shekara huɗu. Gardama ce ta malamai biyu na zamanin da, Bajamushe da ɗan Ingila. Ɗan Ingilan ya ce sarari da lokaci suna nan ko babu halitta. Bajamushen ya ce in haka ne, me ya sa Allah ya halicci duniya a wannan sa'a, ba kafinta ba? Da dariya na fara karanta su.

Mijinki,
Nouhou

Bron, 2 ga Disamba

Rékia,

Ina kwananki, ya jikin? Na ga takardarki. Wallahi babu wata mace.

Gaskiyar ita ce, ma'aikatan Nijar da ke nan ni suke sa wa gaba a salla, don ni ɗan Malam ne. Ran Juma'ar da kika sauka, ina tsakiyar raka'a ta biyu, tambayar ta faɗo mini: a ina yake, wanda nake tsaye gabansa? In yana cikin sarari, sarari ya ƙunshe shi. In ba ya ciki, ina na dosa? Karatun ya kakare mini. Tsoho Illiassou ya yi ta ɗora mini aya daga baya, har ya gaji ya matso ya ƙarasa. Bayan sallama ya dafa ni ya ce, "Malam, zazzaɓi ne?" Na ce e.

Tun ranar ban kai goshi ƙasa ba. Nakan yi alwala, in tsaya, shi ke nan. Na kai kukana wurin malamina na jami'a, ya ce tambaya ce mai kyau, in sa ta a babi na uku.

Kada Baba ya ji.

Naki,
Nouhou

Bron, 20 ga Disamba

Rékia,

Ina fata kina lafiya.

Na zo Stains, unguwar Yaya Muntaka, ran Talata. Na tsaya ƙasan benenku da rana tsaka, na gan ki kina shanya. Na san in na hau, la'asar na yi za ki shimfiɗa mini darduma ki tsaya bayana. Ba zan iya yi miki ƙarya da Fatiha ba. Na koma tashar jirgin ƙasa.

Yaya Muntaka ya ce ran Alhamis mai zuwa jirginki zai tashi zuwa Yamai. Ba zan hana ki ba. Ban sake ki ba, kuma ba ni da abin da zan riƙe ki da shi.

In kin yi salla, ki ambaci sunana. Ke har yanzu kin san inda ake kallo.

Ki huta lafiya,
Nouhou