Muryar Baba da Tab ɗin Inna

Zuwa ga ƙanwata Jamilatu, a Fatakwal.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki Bashiru da yara. Allah Ya ƙara muku lafiya da rufin asiri. Mu nan Yelwa kalau muke. Inna ta samu sauƙin gwiwarta, har ta shiga kwalekwale zuwa suna a Wara.

Na zaɓi in rubuto maimakon in kira, don ina so ki karanta har ƙarshe kafin ki yi magana. Hirar nan da kika ɗauka da Baba, Allah Ya jiƙansa, wadda yake ba da labarin tsibirinsu da harshen Gunganci kafin ruwan Kainji ya cinye shi, ta goge daga tab ɗin nan, wato babbar wayar da kika saya wa Inna. Na san babu kwafinta a wani wuri.

Ga yadda abin ya faru. Tab ɗin ta yi nauyi, tallace-tallacen da kamfani ya cusa mata suna cinye data, ga su ba sa goguwa. Inna ta yi ta ƙorafi, sai ƙanenmu Mubarak ya tafi da ita rumfarsa ta gyaran waya. Ya ce maganin shi ne a sa mata sabon rikobari, wato wata ƙofar baya da masu gyara ke bi su cire abin da kamfani ya kulle. Amma kafin a sa shi sai an buɗe makullin na'urar, buɗewar kuma tana share duk abin da ke ciki. Mubarak ya san haka, shi ya sa ya tambayi Inna inda muryar Baba take. Ta ce masa tana cikin memori, har ta nuna masa ramin katin. Kin san mutanenmu: karatu, wa'azi, waƙa, duk abin da ake saurare a rediyon hannu a kati yake, don haka a wurinta murya ba ta da wani mazauni. Ya zare katin ya ajiye, ya yi aikinsa. Aikin ya yi kyau, tab ɗin ta koma kamar sabuwa. Da aka mayar da katin, tafsiri kawai aka tarar. Ashe hirar a cikin tab ɗin kanta take.

Ya kamata ya kunna katin ya ji tukuna, shi ma bai musa ba. Da kansa ya kai tab ɗin Birnin Kebbi wurin waɗanda suka fi shi sani, suka ce abin da ya tafi ta wannan hanya ba ya dawowa.

Inna ba ta yi masa faɗa ba. Ta ce ita ta ba da amsa, shi tambaya ya yi. Amma tun ranar bai ci abinci a gida ba. Ta aika masa tuwon shinkafa da miyar kifi a rumfa, kwanon ya dawo a rufe. Da na same shi, ya ce Inna mai sauƙi ce, ke yake jin nauyi, don ke kika zauna da Baba kina lallashinsa har ya yarda ya yi magana.

Rashin babba ne, Jamilatu, ni ma na ji shi, kuma ba na cewa kada ki yi kuka. Ki yi kukanki, ki huce. Bayan nan ki kira shi da kanki, domin shi ba zai iya kiranki ba. Kada ki tambaye shi yadda aka yi, na riga na faɗa miki duka. Ki ce masa ya je gida ya ci abincin Inna.

Inna tana gaishe ki, haka Gwaggo Jummai da matata Zulai'atu. Ki gaida Bashiru, ki shafa mini kan Khaulat.

Yayanki,
Umaru