Jarrabawar Walida

Danau Kota, Kuala Lumpur
12 ga Nuwamba, 2006

Yaya Ramatu,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya ke da maigida da yara. Yaya ƙafar Gwaggo? A gaishe ta da jiki. Mu duk lafiya, sai ruwan sama da ba ya fashi.

Kin san shekara biyu ke nan uwarsu Halimatu ce ke koyar da Walida da Abdussalam a gida, tunda makarantar da muka samu ba ta kwanta mini ba. Ƙarshen shekara ya zo, ina so in ga abin da aka ƙulla. Akwai wata cibiya a Bukit Jalil da ke yi wa irin waɗannan yara rubutacciyar jarrabawa. Akwai kuma wata tsohuwar malama da suke kira Cikgu Rosnah, ita littattafan yaro na shekara take dubawa ta rubuta rahoto. Halimatu ta yi ta roƙona a kai wa wannan, wai saboda in'inar Walida tana tashi idan an tsare ta da ido. Na ce a'a. Ina shekara ta uku a digirin digirgir, ba zan kai 'ya'yana wata ta gaya mini matsayinsu ba. Ni zan jarraba su, da baki.

Na faɗa musu muna cin abinci: wanda ya faɗi, Kano zai koma wurinki. Walida ta ajiye cokali. Shekararta tara, ta isa ta san rayuwa ba wasa ba ce.

Ƙaninki,
Yahuza

3 ga Disamba, 2006

Yaya Ramatu,

Ina gaisuwa, ina kuma tambayar lafiyar kowa da kowa. Allah Ya ƙara wa Gwaggo sauƙi.

An yi jarrabawa jiya. Na gayyato Kabir da Zahraddeen, ɗaliban da ke hawa na ƙasa da mu, su zama shaidu, don kada uwarsu ta ce na yi son kai. Na cire agogona na ajiye a tebur, minti ɗaya ga kowace tambaya. Abdussalam ya yi ƙoƙari, bakwai cikin goma.

Walida kuwa da na ce ta miƙe ta faɗi cikakken sunanta, a harafin farko ta maƙale. Baki na rawa, wuya ya sanƙare. Kabir ya yi dariya, ban hana shi ba, don a duniya ma haka za a yi mata. Duk tambayar da minti ya cika ba ta fitar ba, sai in sa ƙaninta ya faɗa mata. Sau biyu ta miƙa hannu wajen biro, na janye shi. A tambaya ta takwas na ga ƙasan inda take tsaye ya jiƙe. Halimatu ta taso daga ƙofar kicin, na ce ta koma, saura biyu. Walida ta tsaya a haka muka ƙarasa.

Biyu cikin goma. Na manna sakamakon a jikin firij, muka fita da Abdussalam da samarin wajen mamak, wato gidan abincin Indiyawa, muka ci gurasarsu roti. Zahraddeen ya ce a yi wa Walida tapau, wato a ƙunso nata, mu kai mata gida, na ce ba a ba da lada a kan faɗuwa.

Wata Christy 'yar Kaduna za ta taho gida ranar ashirin ga wata, za ta riƙo Walida har Kano. Ki sa ta a makarantar unguwa, kada ki lallaɓa ta, lallaɓawar ce ta lalata ta. Halimatu ba ta yi mini magana ba tun jiya. Za ta huce.

Ƙaninki,
Yahuza

28 ga Janairu, 2007

Yaya Ramatu,

Da fatan kun yi Sallah lafiya. Saƙonki ya iso, na gode da ɗawainiya. Kin ce tunda Walida ta sauka ba wanda ya ji muryarta, ko gaisuwa sai da kai, amma malaminsu ya aiko yana tambayar inda ta koyi lissafi. Kin kuma tambaye ni ko na tabbata da abin da na yi. Ke kaɗai zan gaya wa wannan.

Ashe Halimatu ta kwashi littattafan yarinyar a ɓoye ta kai wa Cikgu Rosnah. Rahoton ya zo ta gidan waya, ni na buɗe akwati na same shi. Shafi uku. Matar ta ce Walida ta wuce sa'o'inta da shekara guda a lissafi, ta ce ta karanta labaran da take rubutawa da Turanci da Malay har ta nuna wa jikokinta. Ta ce a riƙa jarraba ta a rubuce, a ɗaki shiru, kada a tsayar da ita gaban mutane.

Yaya, kwana huɗu kafin tafiyarta takardar ta zo. A tsaye na karanta ta a gindin lif, sau biyu. Na hau sama na tarar Walida tana ninke kayanta, ta ɗago ta dube ni. Na wuce ɗaki na sa takardar cikin fayil ɗin bincikena. Na riga na yi magana a gaban su Kabir, a masallaci ma an sani. Da wane ido zan ce na janye?

A filin jirgi ta rungumi uwarta, ni kuwa ta ɗan durƙusa mini kamar baƙo. Abin ya tsaya mini a rai, ba zan ɓoye miki ba. Amma ta zauna nan ta cika shekara, sai in ce ta gyaru in dawo da ita.

Kada wannan ya kai kunnen Gwaggo. Halimatu ma ba ta sani ba. Kullum da hantsi tana sauka ta duba akwatin wasiƙu, ta dawo tana cewa matar nan ba ta da alkawari. Ni ma ina taya ta cewa haka.

A gaida Walida, ki ce Babanta ya ce ta dage.

Ƙaninki,
Yahuza