Hannunka na Hagu, Nura

Zuwa ga ƙanena Nura, can Aljeriya inda kake.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya aiki, ya baƙunta? Na rubuto nan Fesbuk gaban jama'a ne don ka daina ɗaga wayata, amma na ga kana leƙowa.

Hotuna ukun da ka turo wa Inna sun iso. Ta sa an wanko mata ɗaya a Babbar Kasuwa, duk wadda ta shigo gida sai ta gani. "Ku duba yaro ya yi ƙiba," in ji ta. Ni ban ga ƙiba ba.

Ka jingina da farar mota, wannan bai dame ni ba, kowa ya je waje da motar wani yake hoto. Murmushin ne, baki a rufe. Kai da mai hoto ya taɓa kora ranar Sallah muna yara, da ya ce a tsaya cik sai ka bushe da dariya, wushirya a waje. Marigayi Baba yana cewa namiji ba ya washe haƙora a hoto, kai kaɗai ka gagare shi.

Sai hannun hagu. A na farko yana bayanka. A na biyu cikin aljihu, har wuyan hannu. A na uku ka sa abokinka ya tare shi.

Ni za ka yi wa wannan, Nura? Tun ranar da injin yankan ƙarfe ya cire min yatsu biyu ina yaron walda, je ka duba hotunana. Na aure, na buɗe shagona a Ƙofar Ƙaura, har na Makka, hannu yana cikin riga. Na san yadda kafaɗa ke ɗan sauka in mutum yana ɓoyo. Taka ta sauka.

Ban gaya wa Inna ba. Jiya ta kawo hoton dab da idonta, ta daɗe, ta ce, "Yaushe yaron nan ya koyi tsayuwarka?" Na tashi na nufi shago. Gobe za ta sake tambaya, kuma ban taɓa yi mata ƙarya ba.

Na san abin da ya rufe maka baki. Ranar da za ka tafi, gaban ma'aikatana na ce duk wanda ya bar shagona kada ya dawo min da kuka. Ni mutum ne da ya tashi da guminsa, na saba a ba ni haƙuri, ban iya bayarwa ba. To, gaban mutane na faɗa, gaban mutane nake janyewa. Ka yi haƙuri, ɗan'uwana. Ka dawo da kukanka, ko me ya rage a hannun. Na yi aiki da yatsu takwas, zan koya maka.

Allah Ya tsare ka, Ya ba ka lafiya, Ya sa in ji muryarka kafin Inna ta sake ɗauko hoton.

Yayanka da ke jira,
Mamman mai walda, Katsina.