Matashin Fata na Mutanen Kati

Asabar, 5 ga Yuni, 1976
Siddiƙu, ƙanen maigidana Arzika, ya dawo daga kwas a Ingila. Bayan rabon tsaraba ya zaro wani ɗan abu daga aljihu: kati ne na roba, bai kai tafin hannuna ba, an tona sunansa a jiki. Wai da shi ya sayi agogo da rediyo har da tikitin jirgi, bai ƙirga ko kwabo ba. Na karɓa da hannu biyu. Ni Hauwa'u, mai koya wa yara lissafi a firamare, na rasa ta inda zan kama wannan lissafin. Ikon Allah.

Maigida ya daɗe yana juya shi, sannan ya ce, "To wa yat tsaya maka?" Siddiƙu ya ce babu kowa, bayanka kawai suke bincikawa, in ba ka taɓa ƙin biyan bashi ba sai su ba ka.

Lahadi, 6 ga Yuni
Kowa a Ƙofar Dundaye ya san bayan maigida. Shekara shida ke nan da motar da ta ɗauko masa atamfofin Alhaji Bawa ta faɗa gulbi. Kayan bashi ne. A kasuwar nan, in ana bin ka, duk Juma'a kana zuwa zauren mai kaya ka gaishe shi ya ga fuskarka, ko ba ka da sisi. Maigida kunya ta hana shi. Har hanyar masallaci ya sake. Ba asarar ce ta ɓata masa suna ba, ɓuyan ne. Yanzu ko yadi ɗaya ba mai ba shi, kuma shugabannin kasuwa sun ce in rumfar babansa ta kai Sallah ba kaya, wani za a ba.

Alhamis, 15 ga Yuli
Siddiƙu ya yi abin da ban zata ba. Mai baya irin na maigida ba za su ba shi nasa ba, amma sun yarda a yi kati na biyu a ƙarƙashin sunan Siddiƙu. Ya iso yau. Ga ARZIKA a jiki, harafi ya taso kamar an yi masa aiki da zare. Na shafa har sau nawa. Na naɗe shi a ƙyalle na sa cikin kwallar da nake ajiye 'yan kunnen aurena.

Litinin, 2 ga Agusta
Maigida da Siddiƙu sun tafi Landan sayen leshi. Mutumin da bai taɓa wuce Kano ba!

Laraba, 11 ga Agusta
Sun dawo da akwatuna har a kan rufin mota. Maigida bai ci abinci ba sai labari. Wai a kanti ana ɗora katin a kan wani ɗan ƙarfe, a ja ƙarat, a dawo da shi ƙarat, ka sa hannu, shi ke nan. Ya ce, "Hauwa'u, ba wanda yat tambaye ni ɗan wane ne ni. Ko kallona na biyu ba su yi ba." Idonsa ya kawo ruwa. Nawa ma. Akwai ƙasar da mutum ke shiga kanti ba ya tafe da jiyansa.

Siddiƙu zai wuce Legas aiki. Ya ce lallai a kai kuɗin banki kafin ƙarshen wata, ya maimaita har a bakin ƙofa.

Juma'a, 20 ga Agusta
Rumfa ta cika, mata sai aike suke yi. Amma yau bayan masallaci maigida ya kasa zama. Wai ga Juma'a ta biyu bai gai da mutanen da suka ba shi kaya ba, kuma ba zai sake kuskuren da ya yi da Alhaji Bawa ba. Ya je wajen dukawa ya sa an ɗinka matashin jar fata mai kyau, ya haɗa da goro, ya ba wani ɗan kwangila da zai tafi Landan. Ni na rubuta gaisuwar da Turancina na makaranta. Na ma ji daɗin kaina.

Talata, 31 ga Agusta
Na tuna masa maganar banki. Ya ce cinikin duk ya zuba shi a shadda da atamfa saboda kasuwar Sallah. "Mutanen da anka gaisa da su? Sun san azumi ne. Wane mai kaya ka matsa ma mutum kahin Sallah?" Na ga kamar gaskiyarsa. Mutanen da suka iya ƙera abu irin wannan ai ba za su rasa haƙuri ba.

Litinin, 27 ga Satumba
An sha Sallah. Kaya sun ƙare ƙaf, rumfa ta tsira. Alhamdu lillahi.

Talata, 5 ga Oktoba
Siddiƙu ya zo, ko zama bai yi ba. Ya raka manyansa na ofis Ingila, ya miƙa katinsa a otal, aka buga waya, aka dawo masa da shi a gabansu wai an rufe. Ga kuɗin ruwa sun hau. Ya ce, "Yaya, sunana na ara maka. Can ba su san azumi ba, ba su san gulbi ba, kwanan wata kaɗai sunka sani." Maigida ya ce ai ya aika gaisuwa. Siddiƙu ya dube shi kamar zai yi kuka: "Wa za ka gaisar? Ba mutum ba ne."

Ba mutum ba ne. Na kwana ina juya wannan. Wata huɗu ina girmama abin da ba ya ma iya jin haushinmu.

Alhamis, 7 ga Oktoba
An biya, har da ruwan, wanda ba na so babana ya ji labarinsa. Ribar Sallah ta tafi. Ɗan kwangila kuma ya dawo da matashin. Ya ce ya sami ginin, dogo har wuya ya gaji, wata yarinya a tebur ta ce ya kawo lambar kati, ya ce shi gaisuwa ya kawo. Ba wanda ya yarda ya karɓa. Goron ya bushe.

Juma'a, 8 ga Oktoba
Maigida ya saka farar rigarsa, ya ɗauki matashin a hammata, ya fita. Daga soro na leƙa, na ga ya bi tsohuwar hanyar masallaci. Na yi ta jiransa har la'asar.

Da ya dawo ya ce zauren Alhaji Bawa cike yake da ya shiga. Ya durƙusa. Alhaji Bawa ya tsufa ƙwarai, sai da ya matso da fuska kafin ya gane shi. Bai ambaci atamfa ba. Ya karɓi matashin, ya tura shi bayansa, ya gyara zama, ya tambayi lafiyata da ta yara, har da sunan babbar. Da za a tashi ya ce, "Arzika, Juma'a mai zuwa kak ka makara."

Katin yana nan cikin kwalla. Na buɗe ɗazu zan ɗauki 'yan kunne, sai da na rufe na tuna ban kwance ƙyallen ba.