Ruwan Ƙasa a Kan Gilashi

Litinin, 3 ga Maris

Kwalbar antibodin ta iso ɗakin bincikenmu cikin ƙanƙara, ko tsawon ɗan yatsana ba ta kai ba. Maigidana ya tambaye ni wai me take yi da har na hana kaina sukuni a kanta. Na ce masa idan ƙwayar jiki ta rasa iskar oksijin, akwai wani sinadari da take tarawa. Shi antibodin yake nema ya manne masa, sai wurin ya rine ruwan ƙasa a ƙarƙashin madubin duba ƙwayoyi. Ya ce, "Au, ɗan sandan ƙwayoyi ke nan." Na bar shi a haka.

Yana cin abinci, shi ya sa ban ambaci abin da nake yankawa ba: mabiyiyar matan da jininsu ya hau suna da ciki. Ni ma watana bakwai.

Alhamis, 6 ga Maris

Ya yi aiki! Gilasan da na ɗora yankan mabiyiyar masu lafiya a kai sun fito shuɗi, tas. Na masu hawan jini kamar an ɗiga musu shayi. Farfesar da nake aiki a ƙarƙashinta ta daɗe a kan madubin, ta ɗago ta ce, "'Yata, ki gama min sauran kafin ki tafi hutun haihuwa." Na ce ko gobe.

Asabar, 8 ga Maris

Ciwon kai. Yawan leƙen madubi ne.

Talata, 11 ga Maris

Akwai gilashi ɗaya da ban taɓa ganin irinsa ba. Ba shayi ba ne wannan, ya rine har ya kusa baƙi, babu inda ya tsira. Na zaci na cika antibodin, na sake. Haka ya sake fitowa.

Ungozomar da ke kawo mana mabiyiya daga asibiti ta shigo da kularta, na tambaye ta labarin mai wannan mabiyiyar. Ta ce ta tuna matar, sai da ta fara jijjiga aka kawo ta. "Uwar dai ta tashi," in ji ta. Ba ta ambaci jaririn ba. Sai ta kalli ƙafafuna, ta ce yaushe rabona da awo.

Na ce mata satin nan zan je.

Laraba, 12 ga Maris

Safar hannu ta ƙi shiga, sai da ta yage. Abokin aikina, wanda muke kira Sarkin Firiza don shi ke riƙe da makullinta, ya miƙo min irin tasa ta maza, yana cewa, "Malama, ɗan nan ta hannu zai fito ne?" Mun yi dariya. Zobena na cire da sabulu.

Juma'a, 14 ga Maris

Ban je awon ba. Na san abin da za su ce: ki kwanta. A cikina na baya ma na kwanta, na bi duk abin da aka ce, na dawo gida hannu biyu babu komai. A wurin aiki aƙalla hannuna na yin wani abu.

Wasu ɗigo-ɗigo masu ƙyalli suna yawo a madubi yau. Na goge gilashinsa, na sake gogewa, na yi wa masu shara faɗa a raina. Da na ɗago na kalli bango, suna nan.

Lahadi, 16 ga Maris

Yaya ta zo. Tana shigowa ta tsaya a bakin ƙofa.

"Ke, fuskar wa kika aro?"

Na ce ƙiba ce. Ta danna ƙaurina da babban yatsa, ramin ya ƙi tashi. Ta juya kan maigidana: "Kai kana gidan nan, ba ka gani?" Ya ce ai ita ce masaniya, ta ce lafiya lau. Tausayi ya ba ni. Ni na rufe masa baki da bayanai.

Ɗan bai yi motsi sosai ba yau. Ko barci yake.

Litinin, 17 ga Maris

Gilasai kaɗan suka rage. Na sha ruwan sanyi, na jira ya harbe ni kamar yadda ya saba. Sau ɗaya, a hankali.

Duk inda na kalla a madubi, wurin da ya rine nake gani, ina tunanin akwai wanda ke can ciki yana jiran iska ta hanyar nan.

Laraba, 19 ga Maris

A gadon asibiti nake rubutu, da hannun da babu ƙarin ruwa.

Jiya da hantsi wani ciwo ya soke ni ƙarƙashin haƙarƙari na dama. Na tuna na ajiye kwalbar antibodin cikin ƙanƙara tukuna, sannan na zauna a ƙasa. Sarkin Firiza bai yi wasa ba wannan karon. Shi da Farfesa suka kawo ni.

Likita ta auna jinina, ta sake aunawa a ɗaya hannun, ta daina murmushi. An yi hoton ciki. Ta fara min bayani cewa jini ba ya isa wurin yaro yadda ya kamata, sai ta tuna aikina ta ce, "Kin san sauran." Na sani. Har kalarsa na sani.

Zuciyarsa na bugawa. Na roƙi a bar min na'urar jin bugun ta ɗan jima.

Alhamis, 20 ga Maris

Gobe da safe za su ciro shi. Sun ce ya fi samun iska a waje, ko da a kwalbar bakwaini ne.

Farfesa ta kira, ban ɗauka ba. Gilasan su jira.

Tun da cikin nan ya shiga na hana kowa sayen ko tsinke na jariri, har na yi fushi da Yaya a kan haka. Ɗazu da za ta tafi na ce ta biya kasuwa ta duba hula, mafi ƙanƙanta da za ta samu. Ta kalle ni, ta buɗe baki, na ce kar ta ce komai.

Ba wai na sa rai ba ne. An ce ɗakin jariran akwai sanyi.