Kafin Taki Ya Nuna

Agadas, 9 ga Rajab

Zuwa ga Baban Binta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da abokan tafiyarka. Yaya gajiyar hanya, yaya rana? Mu nan lafiya lau. Inna tana fama da gwiwarta kamar kullum, Binta kuwa ta shiga lakwal, makarantar boko, tana ta yi mana faransanci a kan tuwo.

Salularka ba ta shiga tun da kuka wuce Dirku. An ce rashin rezo ne, shi ya sa na ba wani shofer mai zuwa Sigidin wannan takarda.

Ranar da za ka tafi kai wa masu haƙar zinariya albasa a Jado, ka tsaya bakin ramin takin da ka haɗa a bayan gida, ka ce kafin ya nuna ka dawo. Na riƙe maganar nan. Ina yayyafa masa rabin bido na ruwa, ina juya shi, ina rufe shi da tsohuwar tabarma. Kowace safiya sai na zaro ƙarfen da ka soke a tsakiyarsa na ɗora a kumatu. Kai ka ce muddin ƙarfen na da ɗumi, taki bai nuna ba. Sai ya huce, ya yi baƙi, yana marmashewa a hannu, yana ƙanshin ƙasa ranar ruwan farko, har mutum ya kasa gane abin da ya zuba. To, ƙarfe da zafinsa, kuma ina gane ɓawon albasa sarai. Ba ka makara ba tukuna.

Ni da nake yi maka tsiya cewa ɗan Dabaga irinka, garin masu lambu, ko Makka aka kai shi sai ya nemi kashin awaki, yau ga ni hannu dumu-dumu a ciki. Kada ka yi dariya. Ina kewarka.

Ka huta lafiya.
Matarka, Suwaiba

Agadas, 20 ga Zulƙida

Zuwa ga Baban Binta,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina tambayar lafiyarka ko da ba a amsa mini ta farko ba.

Kafin azumi ƙanenka Hamidu ya shigo da rawaninka da katin shaidarka a hannu. Ya ce sojoji sun tarar da motarku nesa da hanya, gaba da Sigidin, bidunan ruwa duk a bushe, kuma sun rufe waɗanda suka samu a can. Tun ranar yake so a yi maka sadaka, ni kuma in shiga takaba. Na ce masa rawani ba mutum ba ne, kuma takin bai nuna ba. Ya dube ni kamar wadda ta taɓu. Inna tana zaune a wurin da faifai a cinya. Ka san kai ne ɗanta na fari, ko sunanka ba ta faɗa, balle ta yi kukanka a gaban mutane. Ta ci gaba da tsintar shinkafarta.

Bari in faɗa maka laifina. Da na ji ƙarfen ya fara sanyi, na riƙa ƙara sabon ɓawo da ɗanyen kashin awaki don ya sake ɗaukar zafi. Na san ha'inci ne. Cikin azumi na ji kunyar Allah na daina, ban sake zuba ko tsinke ba.

Amma har yau bai huce ba. Wata biyu ke nan, ƙarfen na fitowa da ɗumi irin na jikin mutum. Shekaranjiya na ɗaga tabarmar, sai ga ganyen shayi jiƙe a kusurwar gabas, daidai inda kake juye butarka. Babu mai shan shayi a gidan nan tun tafiyarka, butar ma tana cikin akwatina a kulle. Na mayar da tabarmar na rufe. Jiya ma na tarar da sabo.

Ina jin tsoro, kuma ina jin daɗi, ban san wanne ya fi yawa ba. Idan kai ne, don Allah ka shigo ta ƙofa.

Matarka, Suwaiba

Agadas, 4 ga Safar

Zuwa ga Baban Binta,

Assalamu alaikum. Ban san yadda ake tambayar lafiyarka ba yanzu, don haka gaisuwa kawai zan yi.

Na ga mai zuba shayin. Wata rana da azahar na dawo daga pompi da wuri saboda an ɗauke ruwa, sai na tarar da Inna durƙushe bakin ramin a kan gwiwar nan tata mai ciwo. Ta juye ganyen shayi daga wani ɗan gwangwani, ta kwance kashin awaki daga bakin zanenta ta tura ciki. Sannan ta zaro ƙarfen ta manna a kumatunta, ta daɗe ba ta cire ba. Ashe daga ɗakinta ta ji abin da ka faɗa ranar tafiya. Ashe idan na fita takan dafa shayin da ba ta sha, har zagaye uku, yadda kake yi.

Da ta gan ni ba ta ɓoye komai ba. Ta miƙo mini ƙarfen, ni ma na ɗora a nawa kumatun. Abin da ta ce kawai shi ne mun tsare ka a bakin rami, ya kamata mu bar ka ka huta. Daga ranar babu wadda ta ƙara masa komai, ruwa kaɗai.

Yau da safe ƙarfen ya fito da sanyi. Na soke shi wuri uku, duk ɗaya. Takin ya zauna, bai kai rabin yadda ka bar shi ba, baƙi wuluk, yana zuba tsakanin yatsu, ga ƙanshin nan da ka ce. Na tona har ƙasa ina neman ɓawon albasa ko ganyen shayi ɗaya da zan gane, ban samu ba. Ya yi kyau ƙwarai, da ka gan shi da ka cika mana kunne da yabon kanka.

Na aika wa Hamidu cewa a yi sadakar ranar Juma'a. Mun kwashe takin mun baza a fangali huɗun da ka gyara, za mu shuka salati da karoti. Da muka zo tasa ta ƙarshe, Inna ta damƙi cike da hannu ta sunsuna, sai ta kira sunanka a hankali. Shekara goma sha ɗaya ina gidan nan, ban taɓa jin sa a bakinta ba sai yau. Nan muka zauna a ƙasa muka yi kukanmu.

Wannan takarda ba zan ba shofer ba. Ni ma ban taɓa kiran ka da sunanka ba, ka yi haƙuri in rubuta sau ɗaya.

Allah ya jiƙanka, Inusa.
Matarka, Suwaiba