Ka Wuce Zauren Malam Abdulbaƙi

Zuwa ga sanyin idona, inuwar da nake hutawa a ƙarƙashinta, ruwan farkon damina a kan zuciyata, mijina da kunya ta hana ni rubuta sunansa ko a takarda. Gaisuwar mai kewa daga ɗakinmu na Ƙofar Jatau zuwa Abujar nan da ta riƙe min kai sati uku cur.

Albishirinka! Na iya! Wallahi na iya gahawa!

Ka tuna safiyarmu ta farko a ɗakin nan? Ka dawo daga masallaci yayyafi ya jiƙa maka hula, ka zauna kusa da ni, na dama maka garin gahawar gwangwani ta kanti da madara da sukari cokali uku. Ka shanye tas, ka ce ba ka taɓa shan irinsa ba. Ni kuwa sokuwa na ɗauka yabo ne! Wata guda bai cika ba ka fara zarcewa zauren Malam Abdulbaƙi daga sallar asuba, inda ake zuba gahawa ta gaske. Ba ka shigowa sai bakwai da rabi, ka sa kaya a tsaye, ka wuce ofis. Yamma ta baƙi ce da 'yan'uwa. Awa ɗayan nan ta safe ita ce tawa a duk yini, kuma finjali ɗan mitsitsi ya ƙwace min ita. Ban taɓa gaya maka ba, yau na faɗa: abin yana sa ni kuka.

Kana tafiya na yafa mayafi sai Kwarbai, wurin Inna Maimuna, ƙanwar kakata da ta yi shekara ashirin a Sudan. Ta ba ni ɗanyun 'ya'yan gahawa ta ce in gwada in kawo mata. Kada ka yi min dariya, hasken gidana. A turmin yaji na daka su! Tsohuwa ta kurɓa, ta ƙware, hawaye shar, ta tambaye ni ko miyar kuka na yi niyya. Daddawa da barkono duk sun shiga ciki. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Washegari na sayo ɗan turmi sabo fil, na hana kowa taɓa shi. Na ƙona kasko biyu kafin hannuna ya faɗa. Yanzu na san a kan garwashi mai sanyi ake soya su, ana juyawa ba hutawa kamar suyar gyaɗa, har su fara ƙas-ƙas su yi launin dabino. Na san ba a daka sai abin da za a sha a lokacin. Ashe kuma ba a barinta tana ta ɓararraka kamar shayi! Ruwa ya tafasa, a sauke, a zuba garin da ɗan citta da kanumfari ƙwaya biyu, a rufe a bar shi ya kwanta. Jiya Inna ta sha, ta miƙo min finjalin in ƙara mata. Sau uku ta miƙo! Da gudu-gudu na dawo gida kamar yarinya.

Kai, da ka ji ƙamshin da ke tsakar gidanka yanzu! Ina ka tsaya ne, farin watana? Wane kwas ne wannan da ba ya ƙarewa?

Ga roƙona. Juma'a za ka dawo in sha Allahu. Ranar Asabar idan liman ya sallame, ƙafarka za ta ja ka zauren nan kamar kullum. Don Allah ka wuce shi. Ka gaishe su daga bakin ƙofa, ka taho gida. Finjali ɗaya kawai nake roƙo. In ka ga ta Malam ta fi, ka koma, ba zan riƙe maka riga ba, zan sake zama gaban kasko har in kai.

Kuma bari in tona wa kaina asiri: ni har yau ɗaci kawai nake ji a cikinta. Amma finjali biyu zan ajiye, in sha tawa ina murmushi, muddin kana zaune a gefena.

Taka ce ni, yau da duk safiyar da Allah zai ara mana,
Tayyiba